Wace doka ce, kuma wane sashe?

A aji muka fara haɗuwa da sashe na 36, ƙaramin sashe na 12, na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, amma sai da na fara zama kotu ina sauraron shari'a na gane nauyinsa. Abin da ya ce gajere ne: ba a kama mutum da laifi sai in akwai rubutacciyar doka da ta fayyace laifin, ta kuma yanka masa hukunci. Ya faɗi abin da yake nufi da rubutacciyar doka: wadda Majalisar Tarayya ko majalisar dokokin jiha ta kafa, ko ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinta.

Kenan ba duk abin da ke cikin littafi ya shiga ba. Kafin 1960 alƙalan Arewa suna yanke hukuncin laifi daga Risala da Muhtasar, littattafan da malamanmu ke girmamawa har gobe. Da Final Kod (Penal Code), wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, ta fara aiki a 1960, sai hukuncin laifi ya koma hannunta. Shi ya sa lokacin da Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, sai da aka zuba haddi da ta'aziri sashe-sashe cikin kundi, majalisar jiha ta amince.

Shari'ar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta Aoko da Fagbemi, a 1961. Wata kotun gargajiya a yankin Yamma ta hukunta wata mata kan zina. Babbar kotu ta soke hukuncin, domin babu dokar da aka rubuta a can da ta mai da hakan laifi. A Arewa kuwa sassa na 387 da 388 na Final Kod sun ambace shi. Aiki ɗaya ne, ƙasa ɗaya, sakamako ya bambanta.

Aure, gado da rikicin gona suna iya tafiya bisa fiƙihu ko al'ada, wannan daban. Ɗaure mutum ne ba a yi da "ai haka muka taso muka gani". Kuma talaka ne ya fi buƙatar wannan kariya, domin shi ake kawowa gaban alƙali babu lauya, a karanta masa tuhuma, ya amsa don tsoro. Yanzu ko wace takardar tuhuma ta zo hannuna, kafin in karanta labarin abin da ya faru, sunan dokar da lambar sashen nake fara nema.