Lissafin farin jini a manhajar haɗa aure

Rabin aikinmu a ƙaramin kamfanin manhajar haɗa aure lissafi ne: wa za a nuna wa wa, kuma sau nawa. Tsara shafi da zaɓen launi ba su ne ke hana mu barci ba.

Hanyar da aka fi sani ita ce makin Elo, wanda Arpad Elo ya ƙirƙiro don auna ƙarfin 'yan wasan ces. Manhajar Tinder ta daɗe tana aiki da shi, sai a 2019 ta sanar cewa ta daina. A ce kowa ya fara da maki 1500. Idan aka nuna shi ga mai 1700, lissafin yana ba shi damar kashi 24 cikin ɗari na karɓuwa. In an sa ma'aunin sauyi, wato iyakar makin da za a iya ƙarawa ko ragewa a kallo ɗaya, a 32, amincewa tana ƙara masa maki 24, ƙi kuma yana rage masa 8 kacal. Wato yardar mai farin jini ta fi tsada.

Matsala ta farko sabon shiga ce. Wadda mutum uku suka gani, duka ukun suka so, ba za a ce ta cinye ɗari bisa ɗari ba. Muna ƙara mata kallo 20 na wucin gadi a kan matsakaicin manhaja. Idan matsakaicin ɗaya cikin biyar ne, kallo 20 ɗin suna kawo so 4, a haɗa da nata 3, sai a raba so 7 da kallo 23, a sami kashi 30. Haka ma mai danna so ga duk hoton da ya gani, sai an rage nauyin ƙuri'arsa, domin ba ta bambance kowa.

Babbar cutar ita ce maki yana ciyar da kansa. Wanda ya hau sama ana ƙara nuna shi, ana ƙara son sa, ya ƙara hawa. A 2018 Elizabeth Bruch da Mark Newman sun auna saƙonni a biranen Amurka huɗu da tsarin PageRank, lissafin da Google ta fito da shi don jera shafukan intanet, suka gano maza da mata suna neman wanda ya fi su farin jini da kusan kashi 25. Sakamakon shi ne 'yan kaɗan su sha ruwan saƙo har su kasa amsawa, sauran su zauna shiru su goge manhajar. Ga mai neman aure da gaske, wannan shirun yana da ciwo, kuma laifin lissafinmu ne. Maganin da na fi yarda da shi iyaka ce: wadda buƙatu 15 ke jiran amsarta, a dakatar da nuna ta sai ta rage su.

Sannan a auna so daga ɓangare biyu, a ninka su. In damar ya so ta 0.9 ce, tata 0.1, sakamako 0.09. Wasu biyu masu 0.4 kowanne suna ba da 0.16, su ya kamata a haɗa. Manhajar Hinge ta ɗauki tsarin masana lissafi Gale da Shapley na 1962 saboda irin wannan dalili: a yi haɗin da babu wasu biyu da za su fi son juna a kan waɗanda aka ba su.

Abin da muke dubawa kowane mako shi ne mutum nawa suka sami amsa aƙalla ɗaya. Asusun da ya yi kwana 30 ba a buɗe shi ba kuwa, muna janye shi daga jeri har mai shi ya dawo.