Magangarar Ruwa a Tafkin Lambu: Daga Famfo Ake Farawa

Yawancin masu ba mu aiki duwatsu suke fara zaɓa. Mu kuwa faɗin bakin da ruwa zai zubo muke fara aunawa, don shi ke nuna girman famfon da za a saya, wato injin da zai tura ruwa daga tafki zuwa saman duwatsun. Kowace santimita ɗaya ta faɗin bakin tana cin kamar lita 150 a awa, wato baki mai santimita 30 yana son lita 4,500. Sai dai lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali ƙarfin famfon ne idan babu hawa. Da ruwa ya hau mita ɗaya ƙarfin ya ragu, don haka a duba jadawalin da ke bayan kwalin. Siririn tiyo ma yana shaƙe famfo. Ga irin wannan ruwa, mai milimita 32 ko 40 muke sawa.

Tudun da za a ɗora duwatsu a daddaɓe shi sosai, in ba haka ba damina ɗaya zai zauna, ledar da aka shimfiɗa don riƙe ruwa ta saki. A nan yawancin yoyo yake, ba a tsakiyar tafki ba. A shimfiɗa yashi ko tsohon kafet, sannan ledar tafki mai kauri, gefenta ya ɗara ruwa da santimita 10, ƙarshenta ya sauka a kan ledar tafkin, ba a ƙarƙashinta ba. Dutsen baki ya zama faffaɗa, daidai hagu da dama, ya ɗan sunkuyo, ya kuma leƙo gaba da santimita 5. Idan bai leƙo ba, ruwan lasar bango zai yi. Ramukan ƙarƙashinsa a toshe, don ruwa ba ya hawa dutse muddin ya ga hanya a ƙasa.

In an sa siminti, kada a saki kifi sai ya bushe an canja ruwa sau da yawa. Sabon siminti na kashe su.

Famfo ya zauna a cikin tafkin a kan bulo, nesa da magangarar, wayarsa ta bi ta makunni mai yanke wuta da zarar ta zurara. A bar wa tafkin sarari a sama, saboda in Nepa ta ɗauke, duk ruwan da ke tudu gangarowa zai yi. Da hunturu ƙura na cika matatar famfon, a wanke ta duk mako. Da bazara kuma a riƙa ƙara ruwa, don famfon da ya yi aiki a bushe ƙonewa yake.