Makullin ɗakin makara

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ba mota ba adaidaita sai ƙarfe goma. Gara da na kwana wajen Inna. Kunun gyaɗa da ƙosai, yara na ta rigima kan wanda zai yi shara, har Inna ta yi dariya, abin da ban ji ba tun da ta shiga takaba.

Sai sallama a zaure. Samari biyu daga layin masallaci: wata tsohuwa ta rasu cikin dare, ana neman makullin ɗakin makara. Ɗayan har ya ce a yi musu magana da Baffa, kafin ya kama baki ya hau salati.

Ashe ranar da aka dawo daga kai Baffa maƙabartar Dandolo, wanda ya rufe ɗakin makarar, gidan nan ya maido makullin, don bai san wa zai ba ba. Inna ce ta karɓa ta jefa a aljihun rigar Baffa ta agaji, inda yake ajiyewa. Ni ta sa na ɗauko. A aljihun akwai usur ɗinsa, alawa biyu da suka narke suka manne (na jikoki ne, na sani), da wata 'yar takarda da ya rubuta lokutan shan maganinta na hawan jini, safe da dare.

Na ce, "Inna, a ba su su riƙe gaba ɗaya mana."

Ta ce, "Wa zai riƙe, 'yar nan? Aikin da ake bugo maka ƙofa ƙarfe biyun dare?"

Can kuma ta ce, kwana bakwai ana zaman makoki, kowa ya shigo sai ya ce unguwa ta yi rashi. Shi ke tara gayyar yashe kwata kafin damina, shi ke cike kaburburan da ruwa ya rufta, shi ne a 2004 da aka dawo da rigakafin shan inna ya fara miƙa Auta a ɗiga masa a ƙofar gidan mai unguwa mutane na kallo. "Duk gaskiya ne. Amma ba wanda ya san shi ke dafa min ruwan alwala lokacin hunturu."

Ban iya ce mata komai ba. Na kai musu makullin.

Abin da ya tsaya min a rai har yanzu haushi ne, wallahi. Manyan unguwar nan sun iya yabo, kowa da jawabinsa. Ko arba'in ba a yi ba, kwatar bakin layi ta cika da leda, yau ranar shara guda ba wanda ya taɓa shebur. Suna zaune kan benci suna cewa da Malam na nan da tuni an gama. To ku hannuwanku fa? Allah ya huci zuciyata, amma na so in leƙa in faɗa musu.

Bayan la'asar yaron ya dawo da makullin, yana ta sunkuyar da kai. Yaya ya ce zai yi wa liman magana gobe. Mu gani.

Wuta ba ta zo ba. Wankin yara na nan jibge. Na sa ƙararrawa a waya saboda maganin Inna, tara na dare.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa can ta fi masa nan.