Faifan Kawu da kiɗan da babu mawaƙi

A kakar bara, bayan mun gama shigar da gero rumbu, aka buɗe akwatin ƙarfe na marigayi kawuna, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa a layin Kano zuwa Nguru kafin ya dawo ƙauyenmu da ke kusa da Ringim. A ƙarƙashin manyan riguna muka tarar da faifan garmaho guda, kwalinsa ya yi ja saboda tsufa, gara ta ɗan taɓa gefensa. Sunan Percy Faith ne a jiki, tare da sunan wasan My Fair Lady. Garmahon ya daɗe da lalacewa, saboda haka sai da na je kasuwar Ringim, inda intanet ke da ƙarfi, na sauke kiɗan a wayata.

Wasan ya fara fitowa ne a dandalin Broadway na Amurka a watan Maris na 1956. Frederick Loewe ne ya tsara karin waƙoƙinsa, Alan Jay Lerner kuma ya rubuta baitocin. Labarin wata yarinya ce mai tallar furanni a Landan, wadda wani masanin harshe ya ɗauki alkawarin gyara mata lafazi har manyan gari su ɗauke ta tasu. Abin da Percy Faith, haifaffen Kanada, ya yi shi ne ya cire muryoyin gaba ɗaya, ya miƙa karin ga taron makaɗa, galibinsu masu gogen Turawa. Dogon faifai, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana ɗaukar kimanin minti 20 a kowane gefe, shi ya sa irin wannan kiɗa ya samu shiga gidajen mutanen da ba su taɓa leƙa dandalin ba.

Daren farko da na kunna shi a zaure, Baba Liman ya saurara har na tsawon minti biyu, sannan ya ce, "Malam, shin mawaƙin bai iso ba ne?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai babu mawaƙi a ciki." Tambayarsa tana kan hanya, domin mu a wurinmu waƙa magana ce, kuma ko kalangu idan ya yi sauti, kirarin wani yake yi, mai kunne yana jin sunan da aka kira.

Da na ci gaba da saurare sai na gane cewa mawaƙin yana nan, ya dai sauya baki ne. Mai shirya irin wannan kiɗa yakan bai wa goge layin da murya ke bi, kuma yakan bar ɗan gurbi daidai inda mawaƙiya za ta ja numfashi, har mutum ya ji kamar ƙirjin wani ne ke ɗagawa. Idan baiti na biyu ya zo, tun da babu sababbin kalmomi da za su riƙe mai sauraro, dole ya sauya launi: sarewa ta karɓi karin, manyan goge masu kaurin murya su yi mata amshi daga ƙasa, daga nan duka su haɗu a ɗaga sautin. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gogenmu, ya ga yadda tsirkiya guda ta izgar doki ke kwaikwayon muryar mace, ba zai ga baƙon abu a nan ba, illa dai gogen Turawa tsirkiya huɗu gare shi, kuma masu jansa da yawa ne a lokaci guda.

Daga nan bincike ya kai ni ga Mantovani, haifaffen Italiya da ya yi suna a Ingila, wanda shi ma ya naɗi waƙoƙin dandali da dama. Salon da aka san shi da shi tun 1951, wanda Ronald Binge ya ƙirƙiro masa, shi ne a raba masu goge rukuni-rukuni, wannan ya riƙe sautinsa bai saki ba, na gaba ya ɗora nasa a kai, sai kiɗan ya riƙa gangarowa da amsa-kuwwa kamar a cikin babban gini. Ni luguden mata ya tuna mini, inda taɓarya ba ta gama tashi ba wata ta sauka, turmin bai taɓa yin shiru ba.

Ba zan ɓoye cewa akwai asara a ciki ba. A dandali yarinyar nan tana waƙa da fushi a wani wuri, tana waƙa da murna a wani, amma idan aka lulluɓe kome da taushin goge sai fushin ya dushe, zaƙin ya yi yawa kamar kunun da aka cika wa sukari. Saboda haka na fi girmama mai shirin da ya bar wa kowace waƙa halinta, mai sauri ta ci gaba da saurinta.

Yanzu da sanyin hunturu ya shigo, nakan kai wayar caji wurin mai sola da la'asar, bayan sallar isha'i kuma in kunna ta ƙasa-ƙasa a bakin wuta. Shekaranjiya Baba Liman ya tsaya zai wuce, ya ce in mayar masa da wurin da sarewa ke karɓa daga hannun goge, domin a nan ne, in ji shi, ya ji yarinyar ta buɗe baki.