Yinin gareji saboda motar Baba

Talata. Bayan sallar asuba na kama hanyar Jega daga Birnin Kebbi. Ban wuce Kalgo da nisa ba motar ta fara kakkarwa, in na taka totur sai ka ce an riƙe ta ta baya. Fitilar inji da ta yi mako uku a kunne, yau ƙiftawa take. Na gangara gefen titi na kashe. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni, ƙarƙashinta kuma sai ƙas-ƙas yake yi don zafi. Corolla ce ƙirar 2005 da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa. Da ta huce na lallaɓa na juyo gari.

A garejin farko yaron ko bonet bai ɗaga ba ya ce, "Alhaji, indomi ta toshe. A cire kawai, mota ta sha iska, akwai mai saye." Indomi suke kiran tukunyar nan ta jikin salansa mai tace hayaƙi, wadda cikinta yake kamar saƙar zuma. Akwai ƙarafa masu tsada a ciki, irin su filatinam, shi ya sa ake rububinta. Saurin da ya yi ne bai kwanta mini ba.

Na wuce wurin wani dattijon rewaya. Ya jona na'urarsa ƙarƙashin sitiyari, lamba biyu suka fito: P0303 da P0420. Ta farko misin ce a silinda ta 3, wato wuta ba ta kamawa daidai a wurin, ta biyu kuma kukan indomi ne cewa ba ta tacewa yadda ya kamata. Bai ce in sayo komai ba. Ya zare kwayil na 3, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya mayar na 1, na 1 ya dawo na 3, ya goge lambobin, muka zagaya. Sai ga P0301, wato misin a silinda ta 1. Ciwon ya bi kwayil ɗin ya koma sabon ɗaki.

Ya kunto fulogin na 3 ya miƙo mini. Baƙi ƙirin, jiƙe sharaf, yana warin fetur. "Ka gani, Malam? Wuta ba ta zuwa, man ba ya ƙonewa a inji. Ɗanye yake gangarawa, can cikin indomi yake kamawa, har ya narkar da ita. Ko sabuwa ka sa, in ba a gyara nan ba haka za ta cinye." Jikina ya yi sanyi, don mako ukun nan ina jin ɗan girgiza a silo ina cewa man da na sha ne.

Muka sa kwayil ɗaya da fulogi huɗu. Ya kwanta ya bubbuga indomin da tafin hannu, babu ƙarar tsakuwa a ciki, alamar ba ta farfashe ba. A titin Argungu ta ja lafiya lau, fitila ba ta dawo ba.

A wurin dattijon na yi la'asar. Ya ce in yi mako guda ina hawa in dawo ya sake jonawa, don P0420 tana iya komowa. Jega kuma sai Alhamis, in Allah ya kai mu.