Busingen, ƙauyen Jamus da Siwizalan ta yi wa zobe

Daga tashar jirgin ƙasa ta Schaffhausen, wani birni a Siwizalan, na hau bas zuwa Busingen. Hanyar ta bi gaɓar kogin Rhine ta nufi gabas, ruwa a hannun dama, gidaje a hagu. Babu shinge, babu jami'in kwastam, ba wanda ya ce in nuna fasfo. Allon sunan gari mai ruwan ɗorawa irin na Jamus, da lambar motoci mai farawa da BÜS, su suka shaida mini cewa na bar Siwizalan.

Ƙauye ne ɗan ƙarami, faɗinsa murabba'in kilomita 7.62, mutanensa wajen 1,500. Ta kowace fuska ƙasar Siwizalan ce ta kewaye shi: jihar Schaffhausen ta rufe shi ta tudu, jihohin Zurich da Thurgau kuma suna ƙetaren kogi. Wani zirin ƙasa da bai wuce mita 700 ba a inda ya fi tsukewa shi ya raba shi da sauran Jamus. Duwatsun iyaka 123 aka kafa kewaye da shi, mai lamba 1 kuwa a cikin kogin yake. Na tsaya kan ɗaya a bakin wata gona, gansakuka ta rufe rabinsa, tarakta na ta kai da komo a gefensa kamar babu shi.

Na haura tudun da tsohon cocin St. Michael yake, a gabashin gari. Ginin dutse ne mai kaurin bango da ƙananan tagogi, ga maƙabarta a farfajiyarsa. Daga nan ido yana cin gonaki da daji, amma ba abin da zai nuna maka inda wata ƙasa ta ƙare wata ta fara. Sunan ƙauyen ya fara bayyana a rubuce tun 1090, a 1465 kuma ya shiga hannun Ostiriya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rigimar 1693. Ostiriya ta ba wani gidan manya na Schaffhausen, gidan Im Thurn, riƙon ƙauyen. Schaffhausen garin Furotesta ne, sai aka zargi mai riƙon, Eberhard Im Thurn, da karkata ga Katolika. 'Yan'uwansa na jini ne suka sace shi suka kai shi birni, aka jefa shi kurkuku. Ostiriya ta ɗauki abin a matsayin raini, domin a ƙasarta aka kama mutuminta, ta yi ta matsa lamba har aka sake shi a 1699. Bayan haka, da ta zo sayar wa Schaffhausen ƙauyukan da ke kewaye, sai ta hana Busingen. A 1770 ta sayar wa Zurich maƙwabtansa, Ramsen da Dörflingen, shi kaɗai ya rage a tsakiya. Manoman da ke zaune a nan ba su sace kowa ba, ba su ɗaure kowa ba, amma a kansu abin ya ƙare.

Sauran tarihin miƙa-miƙa ne. A zamanin Napoleon, yarjejeniyar Pressburg ta 1805 ta ba da shi ga masarautar Württemberg, a 1810 ya koma masarautar Baden, ta nan ya shiga daular Jamus a 1871. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, mutanen garin suka yi ƙuri'a, kashi 96 cikin 100 suka zaɓi komawa Siwizalan. Ba a ba su ba, don ba a samu wata ƙasar da za a yi musaya da ita ba. Wannan ya dame ni ƙwarai. An ji ra'ayinsu ƙarara, aka ajiye shi gefe.

Yarjejeniyar da ta fara aiki a 1967 ce ta ɗan sassauta. Ta sa ƙauyen cikin yankin kwastam na Siwizalan, shi ya sa ban ga shinge ba. A wani ɗan gidan shan kofi da ke kallon kogi, da faran na Siwizalan aka faɗa mini kuɗi, ko da yake kuɗin hukuma yuro ne. Lambar gidan waya biyu garesu, 78266 ta Jamus da 8238 ta Siwizalan, ƙungiyar ƙwallonsu kuma a gasar Siwizalan take bugawa. A 1980, da Jamus ta tura agogonta gaba saboda lokacin bazara, Busingen ya tsaya kan agogon Siwizalan.

Baƙo na iya ganin duk wannan abin sha'awa ne. Wata dattijuwa da muka jira bas tare ta nuna mini ɗaya fuskar. Ta ce tsadar rayuwarsu ta Siwizalan ce, harajin albashi kuwa na Jamus, wanda ya fi nauyi. Matasa da dama da sun samu aiki a Schaffhausen sai su tattara su koma can, tafiyar 'yan mintoci kawai. Nata 'ya'yan ma haka suka yi, sai ran Lahadi suke zuwa da jikoki.