Yau macijina ya fara tafiya

Asabar, da dare.

Tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, saboda wuta ta kwana, kuma na san halinta, ba ta cika kaiwa hantsi ba. Na jona tsohuwar laftof ɗin da yayana ya bar mini, na buɗe fayil ɗin wasan kwamfutar da nake rubutawa, wanda na yi sati biyu ina fama da shi.

Wasan ba wani sabon abu ba ne. Macijin nan ne dai da muka yi ta bugawa a Nokia 3310 ɗin Baba muna yara, wanda Nokia ta fara sakawa a wayarta 6110 a 1997. Nawa ko hoto babu, haruffa ne zalla a kan baƙin allo: # ita ce katanga, @ kan maciji, ƙananan o jikinsa, * kuma abinci. Filin gurbi 30 a kwance, 15 a tsaye. Da Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, nake rubutawa, don shi kaɗai na ɗan iya.

Abin da ya ɗaure mini kai kwana da kwanaki shi ne yadda jikin zai riƙa bin kan. Na zaci sai na matsar da kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba haka ba ne. Macijin jeri ne kawai na wuraren da gaɓoɓinsa suke. A kowane taku sai ka ƙara sabon kai a gaba, ka cire wutsiya a baya. In ya ci abinci, ka bar masa wutsiyar, shi ke nan ya ƙara tsawo. Layi uku kacal na umarni! Da na gane haka sai da na tashi na zaga ɗaki.

Sai rigimar madannai. Umarnin input yana tsayar da komai har sai an danna Enter, wato maciji ya yi taku ɗaya ya tsaya yana jirana kamar akuyar da aka ɗaure. Na nemi curses, wani kayan aikin Python na sarrafa allo da madannai, ashe ba ya zuwa da Python na Windows. A ƙarshe msvcrt, wani kayan aikin Python na Windows, ya fid da ni: umarninsa kbhit yana leƙawa ko an taɓa madanni ba tare da ya tsayar da wasan ba, getch kuma ya ɗauko shi. Madannan kibiya suna aiko da lamba biyu ne maimakon ɗaya, ni kuwa ba ni da haƙurin wannan yau, na koma W, A, S, D, wato sama, hagu, ƙasa, dama.

Na danna W, maciji ya yi ƙasa. Na danna S, ya yi sama. Na fi minti ashirin ina zargin kwamfutar kafin na tuna cewa a allo daga sama ake fara ƙirga layuka, kuma daga sifili. Hawa sama ragi ne, ba ƙari ba. Ina gyara wannan aka ɗauke wuta, batirin kuwa ba ya wuce minti arba'in.

Bayan la'asar da ta dawo na kira Auta ya gwada. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Yaya, macijinka cin kansa yake yi." Macijin yana tafiya dama Auta ya danna hagu, kan ya koma cikin wuya, wasa ya ƙare. Ni ban taɓa danna hakan ba, don na san bai kamata ba. Shi kuwa ba ruwansa. Na sa sharaɗin da ke hana juyawa baya kai tsaye. Can kuma ya ce abinci ya ɓace. Ashe random, mai zaɓa wa abincin gurbi da ka, ya jefa shi a ƙarƙashin jikin macijin ne. Yanzu sai ya yi ta sake zaɓen gurbi har ya sami wanda babu kowa.

Umma ta leƙo ta ce, "Wannan tsutsar ce ta hana ka cin abinci tun rana?" Na ce maciji ne, Umma. Ta ce to Allah ya raya shi, tuwo dai yana hucewa.

Akwai sauran aiki. Allon yana ƙyaftawa saboda ina goge shi gaba ɗaya da umarnin cls a kowane taku. Kuma macijin ya fi sauri in yana hawa ko sauka, don harafi ya fi tsawo a tsaye fiye da faɗinsa. Watakila in ƙara wa time.sleep, umarnin da ke sa wasan dakatawa tsakanin taku da taku, ɗan jinkiri a wannan ɓangaren.

Auta ya ci maki 23, ni da na rubuta wasan 9 na iya kaiwa. Ya ce lallai gobe in sa wasan ya riƙa ajiye maki mafi yawa, da sunan mai shi a gefe. Ban iya rubutu cikin fayil ba tukuna, amma na ce masa in sha Allahu.